A Kunna wa Manaja Fitila

Saura kaɗan in fasa rubuta labarin nan, domin mutumin da ya fi kowa cika wuri a cikinsa ba abin da yake so a duniya kamar a ambace shi, ko da zagi ne. Amma tunda ba don shi na ɗauki biro ba, bari in faɗa.

Manaja ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi, shi da kansa ya sa aka rubuta a jikin ƙofa. Shagonsa ɗaki ne dogo mai kwamfutoci a jere, inda samari ke wuni suna harbe-harbe da tseren motoci, suna zage-zage, suna goge maiƙon hannu a jikin kujeru. Shi kuwa yana hakimce a bakin ƙofa kan kujera mai juyawa, ya ɗora tumbinsa a cinya kamar ɗan raino. Rigarsa mai ratsin kore da fari ce kullum, da tsinken sakace a gefen baki ko bai ci komai ba, ga tarin makullai a ƙugu waɗanda rabinsu ba su buɗe komai. In ya taso, makullan kake fara ji kafin ka ga mutumin.

Auta ƙanwar matarsa ce, a gidansu take zaune. Ita ke share shagon da safe, ta goge allunan kwamfuta, ta kwashe robobin lemo daga ƙarƙashin tebura. Samarin kuwa Bebiya suke ce mata, don ba ta tanka musu. Suna zaton kunya ce kaɗai. Kunyar tana nan, amma har da cewa ba ta taɓa jin ɗaya daga cikinsu ya faɗi abin da ya cancanci amsa ba.

A can ƙuryar shagon, bayan firji, akwai wata tsohuwar kwamfuta da kowa ya tsana, allonta ya dushe kamar idon tsoho. Wannan ita ce ta Auta. Ba kyauta aka ba ta ba, aro ne, kuma yayarta ce ta roƙa mata. Yaya ta daɗe tana lallashin mijin, ta kawo maganar yau ya share, ta sake kawowa gobe bayan ya ƙoshi, har dai ya gaji ya ce, "To ta zauna. Amma ranar da ta ɓata min rai, 'yan gwangwan suna wucewa kullum, in miƙa musu abar in huta."

Auta ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ido gare ta. Ta lura cewa a cikin wani wasa da samarin suka daina yayinsa akwai wurin da mutum zai gina matakinsa da kansa: ya jera bango, ya huda ƙofa, ya ajiye akwatuna, ya sako abokin gaba, sannan ya ba wasu su shiga su buga. Ta taɓa nan ta ɓata, ta taɓa can ta gyara, har hannunta ya faɗa. Bango da ƙofa ba su daɗe suna burge ta ba. Fitilu ne suka kama ta.

Iri biyu ne, kuma ita ta raɗa musu suna. Akwai matacciya: ka ajiye ta, kwamfuta ta shafa haskenta a bango kamar fenti, shi ke nan, ko giwa ta gitta ta gabanta ba inuwar da za ta motsa. Akwai kuma mai rai: ita wannan in ta yi lilo, inuwar kowane akwati sai ta yi lilo tare da ita, in mutum ya wuce inuwarsa ta miƙe a bango ta bi shi. Sai dai mai rai ci gare ta. In Auta ta kunna su da yawa, tsohuwar kwamfutar sai ta hau nishi, hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. Dole ta koyi rowa.

Ta gina wani tsohon sito, dogo, cike da akwatuna da lunguna. Fitilu masu rai kaɗan ta sa. Tocilar hannun mai wasa. Wani ƙwan fitila da ke reto a tsakiyar siton. Da wata fitila a bayan fanka, wadda fukafukan ke yanka haskenta gunduwa-gunduwa a ƙasa. Sauran wurin duka duhu. Aikin mai wasa shi ne ya nemi ƙofar fita kafin dodo ya kama shi. Ta kuma tsara cewa da zarar dodon ya matso, tocila ta yi fari-fari ta mutu. Ba a ganinsa. Inuwarsa kawai ake gani, ƙatuwa, tana tasowa a bango duk lokacin da ƙwan fitilar ya yi lilo ta wajensa, sai kuma ƙarar ƙarafa.

Tunda ba mai ganinsa, sai Auta ta yi abin da ranta ke so. Wasan yana ba da damar a yi wa dodo sutura, a ƙara masa nan a rage masa can. Ta ja tumbinsa har ƙarshen ma'auni. Ta sa masa riga mai ratsin kore da fari. Ta rataya masa tarin makullai a ƙugu, ta soka masa ɗan siririn itace a gefen baki. Ta zauna tana kallon abin da ta ƙera, tana danne dariya da gefen gyale.

Da a nan ta tsaya ma, da da sauƙi. Wata rana da azahar Yaya ta kawo wa mijinta abinci kamar kullum, ta tsaya a gefen kujerarsa rungume da kula, shi kuwa yana ta surutu a waya, ko kallonta bai yi ba. Ta tsaya, ta tsaya, har tana murmushi. Auta ta leƙo daga bayan firji tana kallo. Mace har mace, a ce ta zama teburin ajiye kula! Da Yaya ta tafi, sai ta buɗe siton, ta je can ƙarshen wani lungu, bayan wata ƙofar ƙarfe da ba ta buɗuwa, inda hasken tocila ba ya kaiwa. Ta tsayar da mutum-mutumin wata mace a wurin, da shuɗin mayafi, kanta a sunkuye, ta ɗora mata kula a hannu biyu. Ta rufe ta da duhu ta ci gaba da harkarta.

Sauran siton ma haka ta yi. Inda bango bai haɗu ba, ta bar shi, ai duhu ne. Inda akwati ke shawagi bai taɓa ƙasa ba, ta bar shi. Samarin nan da ba su ganin robar lemo a gaban ƙafarsu, su ne za su ga tsagar bango?

Asirin siton ya tonu ne ta hannun Janar, babban mai bakin shagon, wanda ya ba kansa muƙamin saboda yawan mutanen da ya kashe a kwamfuta. Ya zo ɗaukar lemo a firji, ya leƙa.

"Ke Bebiya, wane wasa ne wannan? Matsa in gani."

Bai jira ta matsa ba ya ja kujera. Ya shiga siton yana fito, yana cewa wannan ai wasan yara ne. Can tocila ta yi fari-fari ta ɗauke. Inuwa ta taso a bango, ƙarafa suka yi ƙara a bayansa. Janar ya ƙwalla ihu ya ture kujera, har ya buga gwiwa a firji.

"Ba tsoro na ji ba," in ji shi, yana murza gwiwar. "Wayar nan ce ta ja ni."

Kafin yamma duk shagon sun bi layi a bayan firji, kowa ya shiga ya fito yana rantsuwa bai ji tsoro ba. Manaja ya taso da makullansa ya tsaya yana kallon layin, ba allon ba. A makon nan ne ya sayo wata ƙatuwar talabijin ya kafa a bango kusa da ƙofa, yana neman abin da zai nuna a kanta.

"Ƙanwata," ya ce, karo na farko da ya kira ta haka a gaban mutane, "ashe kanki na ja. Ranar Asabar za mu sa abin nan a babban allo, a yi gasa. Zan ce a shagona aka ƙera shi, ƙarƙashin kulawata."

Auta ta sunkuyar da kai ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, ƙarƙashin tumbinka dai. Ko kaɗan gabanta bai faɗi ba. Ta san siton nan lungu-lungu, ta san inda kowane haske ya tsaya. Mutum zai zauna ya kalli inuwar kansa tana firgita jama'a, yana tafi, bai sani ba. Har ɗokin ranar take yi.

Asabar ta zo, shagon ya cika har waje. Manaja ya sa an jona kwamfutar Auta da talabijin da doguwar waya, ya karɓi rimot da kansa ya ƙure hasken allon, wai sabon abu dole ya yi walƙiya. Janar ya zauna a gaba, ya naɗe hannun riga. Auta ta maƙale a gefen firji. Daidai lokacin Yaya ta shigo da kular abincin rana, ta ga ba hanya, ta tsaya a bakin ƙofa.

Siton ya bayyana a bango.

Ba duhu. Inda Auta ta san baƙi ne wuluk, ga shi nan toka-toka, kamar gari ya fara wayewa. A cikin wasan akwai wani ɗan haske na gama-gari, wanda ba shi da fitila, yana ko'ina ne kawai. Tun farkon gini ta rage shi, ta rage shi, har idonta ya ce mata ya mutu. Ashe bai mutu ba. Allonta ne ya makance. Duk watannin nan ba ta taɓa buɗe siton a kan wani allo ba sai nata, don ba ta ga dalilin zama a kujerun da waɗancan suka shafe da maiƙo ba.

"A'a, ya na ga kamar an kawo wuta?" in ji wani.

"Kai, dubi akwatin can, a sama yake tsaye! Bebiya, aljanu ne suka riƙe shi?"

"Ga rami a bango, wallahi ana hango waje!"

Janar ya samu abin da yake nema tun ranar da ya buga gwiwa. Ya riƙa yawo cikin siton yana nuna kowace tsaga kamar mai duba gidan haya. Ya bi ta lungun ƙofar ƙarfe, ya leƙa, ya ce, "Wannan kuma wace ce, mai sayar da abinci?" Bai tsaya ba ya juya, don tocilarsa ta fara fari-fari.

Tocila ta mutu. Ba abin da ya canja, kowa na ganin komai. Daga bayan akwatuna dodon ya fito, yana tafe yana rangaji, tumbi a gaba, riga mai ratsin kore da fari, makullai na reto, ga tsinke a baki.

Shagon ya yi tsit. Kai ɗaya ya juya wajen kujera mai juyawa, sannan wani, sannan duka. Manaja yana zaune cikin rigarsa mai ratsin kore da fari, tsinken bakinsa ya daina motsi. Wani daga baya ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa ta hanci, sai ɗakin ya fashe. Har da masu dukan tebur.

Auta ta kalli tsohuwar kwamfutarta a bayan firji, ta hango ta a cikin kurar 'yan gwangwan, tsakanin ruɓaɓɓen risho da karyayyar fanka.

Manaja ya miƙe. Makullai suka yi ƙara, dariyar ta ƙaru, don sak ƙarar da ke fitowa daga talabijin ce. Ya matsa gaban allon ya ƙura wa dodon ido. Wuyansa ya kumbura. Janar, wanda ke shan lemo kyauta a shagon saboda iya bakinsa, ya ga abin zai ɓaci, ya yi maza ya ce:

"Oga, ka ga girma! An sa ka a cikin wasa! Kai ne babban ogan ciki, kowa gudunka yake yi. Wa aka taɓa yi wa haka a layin nan?"

Ana ganin maganar tana neman hanyar shiga kan Manaja. Ya dubi samarin, ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukar allon. Sannu a hankali wuyan ya sace, tsinken ya ci gaba da motsi.

"Ai na sani," ya ce. "Ni na ba ta izini." Ya sake duban dodon, ya karkata kai. "Sai dai an ɗan ƙara min ciki. Kuma me ya sa ake ɓoye ni a lungu? Mutum da shagonsa?" Ya juyo ya nemo Auta da ido. "Ke, gobe ki sa min fitila. A jikina nake so, duk inda na shiga a gan ni sosai. In kin yi, kwamfutarki na nan. In ba ki yi ba, kin san sauran."

Aka yi masa tafi. Auta ta tsaya tana kallon mutumin da aka zaga a gaban jama'a ya karɓi zagin ya rataya a wuya kamar lambar yabo. Dodo mai fitila! Duk siton an gina shi ne a kan kada a gan shi. Amma kwamfutar ta tsira, ta saki numfashi. Sai a lokacin ta tuna da bakin ƙofa. Kular tana kan tebur. Yaya ba ta nan.

Da yamma ta same ta a bayan gida tana wanke-wanke. Auta ta tsuguna ta ja bahon ɗauraya ba tare da an ce mata ba. Suka yi ta miƙa wa juna kwanuka.

"Shuɗin mayafin nan," in ji Yaya, ba ta ɗago ba, "har bakin zaren da ya zare kin sa?"

"Yaya, ba a yi don a gani ba."

"Na sani. Shi ya sa na tambaya."

Auta ta ci gaba da ɗauraye kwanon hannunta.

"Shi kin ba shi ƙafa yana yawo, yana kama mutane. Ni kin kafe ni a bayan ƙofa." Yaya ta dirje gindin tukunya da ƙarfi. "Kin san me nake jira ranar da kika ga na tsaya masa da kula? Wani ya zo zai ɗauki kwamfutar nan taki. Na ce ba zan ajiye abincin ba sai ya gama waya mun yi magana. Da na ajiye na tafi, da tuni kina gida kina tsintar shinkafa."

"Ban sani ba."

"Ina za ki sani? Kina can bayan firji, kowa wawa ne sai ke." Ta miƙo mata tukunyar. "Shi bai gane ba, ko ya gane ya haɗiye, wannan ruwansa. Amma kujerar nan ba shi ya ba ki ba, Auta, ni ce. Kalma ɗaya zan faɗa masa a ɗaki, gobe ki tarar da wurin an share."

Auta ta riƙe tukunyar, ruwa na ɗiga a ƙafarta. "Za ki faɗa?"

Yaya ta tsane hannunta a zani ta miƙe. "Zan kawo abinci da azahar. Zan leƙa lungun."

Washegari Auta ta riga kowa zuwa shago. Ta yi shara, ta kwashe robobi, ta goge alluna. Sannan maimakon ta wuce bayan firji, ta ɗauko tsumma ta dirje kujerar Janar sosai, ta zauna a gaban babbar talabijin, ta bar ƙofa a buɗe rana na shigowa.

Ta fara da hasken gama-garin, ta kashe shi har ƙasa, ta ga baƙi ya zama baƙi a kan allon da ba ya rufa wa kowa asiri. Ta haɗe bangon da ya tsage. Ta sauko da akwatin da ke shawagi. Sannan ta ɗauke fitilar bayan fanka, don kwamfutar ba za ta iya ciyar da ƙarin mai rai ba, ta ƙulla ta a jikin makullan dodon, 'yar ƙarama, ja.

Ta shiga ta gwada. Tocila ta mutu. Can ƙarshen siton wani jan haske ya ɓullo yana reto, yana lasar akwatuna ɗaya bayan ɗaya, yana haska tumbin daga ƙasa, inuwar kan ta haye har rufi. Tsikar jikinta ta tashi. Ya fi na da ban tsoro nesa ba kusa ba, kuma shawarar Manaja ce. Ta ja tsaki mai tsawo, ita kaɗai a shago.

Daga nan ta bi lungun har ƙofar ƙarfe. Yanzu duhun na gaske ne, ko a wane allo ba mai ganin abin da ke bayanta. Tana iya barin matar a wurin. Sai ta zaɓi matar, da mayafin da kular, ta goge. Ta cire ƙofar ƙarfen ma, ta huda bangon wurin, ta mai da shi nan ne hanyar fita daga siton, ta sa wata matacciyar fitila fara a samansa yadda duk wanda ya leƙo zai ga ba kowa a tsaye.

Daga bakin titi ta jiyo ƙarar makullai. Ta adana aikin, ta ɗauki tsintsiyarta ta koma bayan firji.